Iya Madam da Ƙauyen Masu Gajeren Hannu

Wannan watan kakata Hadiza, wadda duk unguwarmu a Tawa ta sani da Iya Madam, take cika shekara takwas da rasuwa. Sai da na ƙirga da yatsu har sau biyu kafin in yarda, domin har yau in zan shiga gidan mahaifiyata nakan tsaya a zaure in gyara wuyan riga, kamar tana nan bisa tabarmarta tana jiran ta ga inda na yi sakaci. Ni ne jikanta na fari, don haka ni ne "maigidanta", kuma ba ta taɓa yaba wannan aure ba. Kullum kukanta shi ne an haɗa ta da rago, ga ci ba cefane. Ranar da na gaya mata ni ma malamin makaranta nake so in zama, ta yi dariya har da share hawaye, ta ce yara ne za su riƙa zuwa gida suna tashina daga barci. Ba ta kai ga ganina da alli a hannu ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da za ta leƙo ta ga Tawa ta yau. Ta tafi kafin a buɗe ƙofar jam'iyyu, ba ta ga motocin lasifika suna zagaya kasuwa, kowa na rantsuwa shi ne gatan talaka ba. Na tabbata da ta halarci taro ko ɗaya, da ta tsayar da mai jawabi ta ce a ɗaga hannu tukuna, a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ga faɗuwar darajar kuɗinmu na sefa ba, ba ta ga yajin aikin da ke cinye rabin shekarar karatu ba. Ba ta kuma ga samarin da suka gama makaranta sun ajiye takardu sun jera baburan kabu-kabu a bakin tasha ba. Wannan ne zai fi yi mata ciwo, domin da yawansu ita ta koya musu riƙon alƙalami.

Bara aka tura ni aiki wani ƙauye arewa da Barmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe tuwonsu nake ci. Tun kafin in ɗaure kayana sufeton makarantu ya kira ni ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce an daɗe rabon da a samu sababbin yara na kirki a can, kuma in bana ma ban cika aji ba, za a rufe makarantar a kwashe bencina a kai wani gari. Na koma gida na ba da labari. Da mahaifiyata ta ji sunan ƙauyen sai ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfen Iya, ta ciro kaye guda uku, wato littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, a ɗaure da tsumman zane. Ta ce ai makarantar nan Iya ce ta buɗe ta farkon samun 'yancin kai, lokacin da aka tura kakana yankin yana yi wa dabbobi allura. Na san ta zaga ƙauyuka kafin ta zauna Tawa, amma ban san daga nan ta fara ba. Ashe makarantar kakata aka miƙo mini in rufe.

Kowane malami yana da kayen da yake tsara darasin gobe a ciki don sufeto ya duba, kuma Iya tana da nata da faransanci tsaf. Waɗannan ukun kuwa nata ne na kanta, da Hausa, inda take zuba abin da ba ta so sufeto ya gani. A cikinsu na haɗu da wata yarinya 'yar shekara ashirin da ɗoriya wadda ban taɓa sani ba. Matar da in ta yi gyaran murya duk gidanmu ke shiga taitayinsa, ashe tsoron jaki take, ta gwammace ta taka da ƙafa har Barmu da ta hau. Ta yi kuka satinta na farko. Akuyar maigari ta cinye mata taswira, ta rubuta cewa ta yafe wa akuyar tunda ita kaɗai ce ta nuna sha'awar karatu a garin. Na yi dariya, na kuma ji haushin da ban samu wannan makami tana raye ba.

Labarin da ya fi ɗaukar shafuka shi ne na ɗaukar yara. A ƙauye babu takardar haihuwa, saboda haka da hannu ake auna shekaru. Yaro zai ɗaga hannun dama ya bi da shi ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In ya kai, ya isa makaranta, in bai kai ba, a bar shi sai baɗi. Ranar da aka tara mata yara a gindin gawo, Iya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, amma duk garin ba a samu hannun da ya kai kunne ba. Har da zaratan yara masu kora garke su kaɗai, hannunsu na isa tsakar kai sai ya tsaya cik. Iyaye mata na gefe suna girgiza kai cikin tausayi.

Baiwar Allah ba ta zargi kowa ba. Hankalinta ne ya tashi, ta ɗauka wata cuta ce ke hana hannun yaran garin tsawo, wataƙila daga ruwan rijiya. Kakana yana daji wajen makiyaya, ba wanda za ta tambaya. Ta zauna ta rubuta wa likita a Tawa doguwar wasiƙa, kuma abin da ya cece ta daga abin kunya shi ne mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Kafin ranar ta je rijiya. Nan ta ga wata yarinya mai suna Dije, wadda hannunta ya fi na kowa gajarta a gindin gawo, ta riƙe guga da hagu, ƙuda ya dame ta, ta miƙa hannun dama ta saman kai ta sosa kunnen hagu hankali kwance. Suka haɗa ido. Ga abin da Iya ta rubuta: "Yau na ga an warke daga cutar gajeren hannu ba tare da magani ba. Na yaga wasiƙar likita. Ni ce mai gajeren tunani."

A wancan zamani da ta kai ƙara, da an turo gardawan gwamnati, wato dogarai masu kaki, sun ja iyayen yaran zuwa Tawa, kuma kowa ya san yadda ake komowa daga irin wannan tafiya. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta lura mazan garin duk suna ci rani can Kurmi, kuma in wasiƙarsu ta zo sai mace ta kai wa wani mai karatu a kasuwar Barmu, kafin ta iso gida asirinta ya riga ta. Iya ta fara karanta musu a ɗaki, bakinta alaikum. Bayan kowace wasiƙa takan ce, da ɗiyarki ce ta karanta, ko ni ba zan ji ba. Kafin damina hannuwa suka fara tsawo, kuma Dije ce ta farko a rajista.

Na isa ƙauyen da wannan dabara a aljihu, ina jin kaina kamar wanda ya gaji gona shukakkiya. Na bi gida gida ina wa'azin wasiƙa. A gida na huɗu wata mata ta saurare ni har na gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da rediyo mai kaset, ta danna. Sai ga muryar mijinta daga Abijan yana gaida kowa har da tunkiya. Yanzu kaset suke aikowa, ba mai buƙatar a karanta masa komai. Maigari ma ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, amma ya jefo mini tambaya mai nauyi. Ya ce ɗan ƙanensa ya yi shekara goma a lakwal, wato makarantar boko, yau ba ya iya noma, aikin gwamnati kuma babu, to me zai gaya wa mai yaro ɗaya da awaki goma? Gaskiya ya faɗa, kuma na ji ta har cikin ƙashina.

Saura kwana uku a tara yara na rasa abin yi, sai na tambaya ko akwai wata Dije da ta yi makaranta zamanin Madam. Aka nuna mini gidan da mata ke yawan shiga da fita. Na tarar da ita zaune, mace mai jiki da fara'a, ta riga ta yi jikoki, tana riƙe da wani kwalin magani nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido. Tun da magani ya yi tsada mutane suka koma sayen ƙwayoyi wajen masu talla a faranti, kuma ita ce ke duba wa duk garin wanne ne na yaro, wanne na babba, wanne ya lalace, wanne kuma na awaki ne. Aji huɗu kawai ta yi. Sati biyu ina garin ina surutun wasiƙa, ban ga wannan layin mata ba.

Na gaya mata ko ni wane ne, na buɗe mata shafin na miƙa. Ta bi shi da yatsa a hankali, tana haɗa baƙi da baƙi, har ta iso ga sunanta. Ta yi dariya har kayen ya faɗi a cinyarta, daga nan dariyar ta koma hawaye.

"Ashe ba ta hwaɗa ma kowa ba, sai takarda," in ji ta, sannan ta kira ni da Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. "Mushe, da Madam ta yi magana rannan, da ubana ya kwana gidan kaso. Tahi abinka, mu gamu gindin gawo."

Ranar ɗaukar yara na ga abin da kakata ta gani, a gindin gawon nan dai. Cutar ba ta bar garin ba. Hannu na isa tsakar kai sai ya tsaya, iyaye mata na gefe suna girgiza kai. Ina tsaye da rajista ba suna ko ɗaya, sai ga Dije ta ratso taro. Ta kama yaron farko, ta ɗan yi masa cakulkuli a hammata, gwiwar hannu ta saki, yatsu suka sauka kan kunne har da saura. Ta ce wannan ciwon ita ta fi kowa saninsa, don ta yi jinyarsa. Wuri ya kaure da dariya, har maigari sai da ya rufe baki da rawani. Sannan ta juya wajen matan.

"Kun gani da idonku yadda nika nisanta kwali kahin in gane shi. Idona na tahiya. Randa ya ƙare, wa za shi hwaɗa muku wanga na ɗiya ne, wanga na akuya? Kaset?"

Matar nan mai rediyo ce ta fara turo ɗanta gaba, ta ce masa ya miƙe hannu ya daina sakarci, kamar ba ita ta koya masa ba. Ba kowa ya yarda ba, akwai waɗanda suka ja nasu suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kafin azahar aji ya cika.

Ina shirin rufe rajista na ji ana jan rigata. Jikanyar Dije ce, 'yar mitsitsiya, wadda ko shakka babu shekarunta ba su kai ba. Ta ɗora hannu a kai, ta karkatar da wuya, ta ɗaga kafaɗa, ta cije leɓe, tana ta miƙa yatsa, kunne kuwa ya ƙi zuwa. Da ta ga ba sarki sai Allah, sai ta sa hannun hagu ta turo kunnen sama har ya taɓa yatsan, ta dube ni ido cikin ido. Dokar aiki ta ce a bar ta sai baɗi. Na waiwaya na ga sufeto yana Tawa, na rubuta sunanta.

Iya Madam ba ta bar gida ko gona ba, kayenta ma gara ta fara cin na ukun. Ban san abin da za ta ce da jam'iyyunmu da sefarmu ba, kuma ban yi alkawarin yaran nan za su samu aikin ofis ba. Abin da na sani shi ne shirun da ta yi a bakin rijiya, tana yarinya mai tsoron jaki, shi ya buɗe makarantar, shi ya kuma hana a rufe ta a hannun ragon maigidanta. Jikanyar Dije tana aji biyu yanzu, bencin gaba take zama. Kuma Iya ta yi gaskiya a abu ɗaya: ranar da duk na makara, ita ce ke zuwa ta buga mini ƙofa.