Ledar Magani a Motar Kaduna

Bayan ƙaramar sallah aka yi wannan tafiya, a shekarar da kuɗin mota ya ninka, damina ta biyu da rasuwar jikana mai babur. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Mun tashi da asuba daga Angwan Iya a Keffi, ni da jikata, ƙanwar mamacin. Ni na raine su duka biyu. Yanzu matar aure ce mai ɗiya ɗaya, amma ɗiyar ba ta hannunta. Ta ɗora ruwan zafi a tsakar gida, ta fita kwaso shanya, ta tsaya kallon wani abu da har yau ba ta iya faɗin ko mene ne ba, yarinya ta rarrafa ta jawo tukunya. Hannun hagu ya ƙone har gwiwa. Uwar miji ta zo daga Gitata ta goya jikarta ta tafi da ita, miji ya ce abin da uwarsa ta yanke shi ke nan. Wata nas 'yar ƙabilar Mada, maƙwabciyarmu, wadda ta wanke ƙunar, ita ta ce mu je asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna, kuma lallai a tafi da wanda ya san yarintar uwar. Na ce jikata ba mahaukaciya ba ce. Ta ce, "Mama, ai ban ce ba." Don a dawo mana da yarinya na yarda.

Ubana mai magani ne a unguwar Liman Abaji, kuma duk Keffi an san hannunsa. Shi ya koya mini cewa ɗan Adam kashi huɗu ne. Akwai na wuta mai saurin fushi, akwai na iska mai surutu da rashin zama. Na ruwa sanyin jiki ne da shi. Na ƙasa shiru, ga riƙo. Kowanne da abincinsa. Jikana namiji iska ne tun yana rarrafe, na yi ta ba shi tuwo mai nauyi ko ya zauna. Ita kuwa ruwa ce, sai ka kira ta sau nawa kafin ta waiwayo. Citta da kanumfari da masoro, babu kunun da ta sha a gidana da ban zuba su ba, ko jikinta ya yi zafi. Mutane suna yabon ta da haƙuri, ina jin daɗi.

Motar ta cika har da buhunan doya a ƙarƙashin ƙafafunmu. Direba yana ta rantsuwa fetur ya cinye ribarsa, wani mai sayar da kayan gyaran mota ya ce masa ai tumbinsa bai nuna ba. Da muka ratsa Gitata gari bai gama wayewa ba. Jikata ta manne da taga har rufin gidan surukarta ya ɓace. Daga nan hanya ta lalace, rami na bin rami, ga shingen masu bindiga, kowanne sai an tsaya. Wajen Kachia muka sayi ƙosai, ƙanana kamar ƙwan zabo, ga tsada. Nata ya huce a hannunta ba ta sani ba.

A Kaduna muka sauka gidan wata 'yar ƙanwata, muka yi kwanaki muna zarya. Abin da na gani a harabar asibitin nan ba zan faɗe shi duka ba. Na ga dattijo da sawun mari a ƙafa, na ga uwa tana ba ƙaton ɗanta abinci a baki. Likitar da ta duba mu mace ce, ba ta kai shekarun 'yata ba, kuma ni ta fi yi wa tambaya. Tana ɓatar da takalmi tana ƙarama? Ana aikenta ta dawo hannu biyu? Malaman makaranta me suke cewa? Na amsa duka, sannan na ce mata, "Likita, wannan ba ciwo ba ne, ruwa ce. Da iska ce irin yayanta, da sai in ce."

Ta ajiye biro ta ce, "Ba ni labarin yayan."

Na ba ta. Yaron da bai taɓa gama cin abinci a zaune ba, ya bar gareji, ya bar shagon ɗinki, ya hau babur, ya waiwaya don amsa gaisuwa a kan titin Akwanga tirela ta bi ta kansa.

Na ƙara mata da kashi huɗun da ubana ya koya mini. Likita ta ce, "Mama, babanki ya iya kallon mutane, ba na raina shi. Amma hali daban, wannan daban. Mai fushi yana iya samunsa, mai haƙuri ma haka. Hankali ne ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Wani yana fitowa a ƙafafunsa kowa ya gani, wani yana zaune shiru hankalin ya yi tafiyarsa. Shi yayan nata ban gan shi ba, ba zan yanke ba. Amma abin yana bin jini."

Na ce, "Wato iska da ruwa uwarsu ɗaya?" Ta ce, "Ai ke kika raine su."

Ta rubuta magani, ta ce irin wanda ake ƙirgawa ne, ba a ƙara wani sai lokacinsa ya cika. Ta koya mata dabaru: waya ta riƙa ƙara in an ɗora tukunya, kada a haɗa aiki biyu. Da muka fito na miƙa hannu in ɗaure maganin a bakin zanena. Jikata ta ce, "Kaka, ki bar ni in riƙe abu ɗaya da kaina." Na bar ta.

Ta riƙe shi kuwa. Tun daga Kaduna ledar maganin tana kan cinyarta, hannu biyu a kai, ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Shirinmu mu sauka a Gitata mu nuna wa surukarta. Mota na rage gudu sai ga matar a bakin titi tana sayen manja, yarinya a bayanta, hannun nan mai tabo yana lilo. Jikata ta dira tun mota ba ta gama tsayawa ba. Ni na sauko da ƙyar da ƙullin kayanmu, direba ya ja.

Surukar ta karɓe mu da mutunci, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Na jera mata bayanin likita tiryan-tiryan, ta saurara. Ta ce, "To Iya, ina maganin?"

Jikata ta dubi cinyarta. Yarinya ce a kai.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Iya, ke babba ce. Da ke ce ni, za ki ba ta?" Ta kwance yarinyar daga wuyan uwar a hankali, tana kuka ana kuka, ta ce ƙofa a buɗe take, a zo gani duk ranar da aka so.

Mun shigo Keffi da la'asar. Washegari na je tasha da kaina na bi direbobin Kaduna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ga leda. Na dawo na sauke gwangwanin citta daga kan kanta na ba maƙwabta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, yaron da ya yi shiru ba lallai lafiya yake ba, kuma sanin sunan ciwo ba ya dawo da ɗiya. In wata ya kama za mu koma, kuma a zanena za a ɗaure maganin, ko ta so ko ba ta so.

Cikin waɗanda ubana ya duba tafin hannunsu ya faɗa musu ko su wane kashi ne cikin huɗun, saura mu uku. Akwai Ladi mai daddawa, ta wuta, yanzu ba ta gani. Akwai Malam Ɗanjuma na iska, yana kwance a Liman Abaji. Sai ni. Ni ta ƙasa ce, in ji shi, abin da aka ba ni ajiya ba ya ɓata. In Allah ya ara mini kwana, zan riƙe wa jikata maganin har yarinyar nan ta dawo ɗakin uwarta.