Saƙon Mama na Kowace Safiya

Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Rabona da rubutu a nan kuma tun kafin damina. Masu tambaya ko ina raye, ina raye.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ishaya. A Sabon Gari nake kwana, a Fagge nake yi wa Alhaji Bukar jigilar dilolin atamfa da a-daidaita-sahu. Gidanmu yana can ƙasar Tangale.

Tun zuwana Kano, kowace safiya Mama ke kirana kafin in fita. Mu yi Addu'ar Ubangiji, ta faɗi layi in faɗi layi, sannan ta roƙa wa kowa da komai, har akuyoyinta. Ran da sabis ya ƙi, ƙanwata Rifkatu ta naɗi muryarta ta turo. In saurara, in ce amin, in goge, don wayata ba ta da wuri.

Da tarin ya fara na ce ƙurar dila ce. Sai zufa cikin barci, sai wando ya fara zamewa. Mama ta ji a waya ta ce, "Ishaya, wannan ba mura ba ce. Je asibiti, sannan ka zo in gan ka." Na ce sai Kirsimeti.

Ran da na tofar da jini a bakin shago, Alhaji da kansa ya kai ni. A mota yana ta faɗa: "So kake ka mutu min a kan atamfar mutane?"

Gwajin kaki, hoton ƙirji. Tarin tibi ne, ruwa kuma ya taru a huhun dama. Aka huda haƙarƙarina aka sa roba.

Maganin kyauta ne, gaskiya. Gado da hoto da abinci ba kyauta ba ne. Abin da na tara don tafiya gida a nan ya ƙare. Zumuntar maza ta majami'armu ta haɗa iya ƙarfinta, Alhaji ya cika. Waɗanda muke waƙa a benci ɗaya kuwa a bakin ƙofa suke tsayawa, hankici a hanci. Suna da yara, ban zarge su ba. Amma na gani.

Likita ya ce, "Wata shida, ba fashi. Ka daina a hanya, ya dawo ya fi na da."

Ƙwayoyin manya ne, kafin a karya ake sha, fitsari ya koma ja. Abu ɗaya ya sa nake haɗiye su: in je gida da ƙafata Mama ta gan ni.

Ina asibitin kiran Mama ya tsaya. Rifkatu ta ce iska ta kayar da turken sabis, sai ta hau dutse take iya turo saƙo. Kullum da safe kuwa saƙon ya zo. In manna wayar a kunne, in amsa layina da ɗan numfashin da ya rage min, in haɗiyi magani. Wataƙila na lura saƙonnin suna kama da juna. Ban so in sani ba.

Aka sallame ni, muka ci gaba a haka.

Wata safiya, sabon gero har ya cika kasuwa, na ji Mama tana roƙon Ubangiji ya sauko da ruwa mu yi shuka.

Na sake kunnawa.

Na kira Rifkatu, ba ta ɗauka ba. Na tafi shago da takunkumi a fuska. Alhaji ya dube ni, ya ce wa masu ciniki su dawo anjima.

"Zauna, ɗana."

"Alhaji, yaushe?"

"Kana da roba a ƙirji lokacin. A gona ta faɗi. Fastonku ya zo nan muka yi shawara, ni na ce kada a gaya maka. In fushi za ka yi, yi da ni, ka ƙyale yarinyar nan."

Na yi da su duka. Har yau da saura. An binne uwata ina kwance ina ce mata amin. Amma na san halina: da na ji, da na fizge robar na nufi tasha, kuma likita ya ce a satin nan ba zan kai gida da rai ba.

Kwana biyu ban sha magani ba, ban yi addu'a ba. Da safe Rifkatu ta kira, ko gaisuwa babu, ta faɗi layin farko na Addu'ar Ubangiji tana kuka. Ta jira. Na amsa.

Ta ce, "Yaya, sha maganinka. Ba zan binne biyu ba."

Tun ranar ita ke kira.

Gwajin ƙarshe ya nuna babu komai. Na gode wa Ubangiji, ko da yake har yanzu ina yi masa tambayoyi. Na gode wa Alhaji, da zumuntar maza, da ma'aikatan jinya. Rifkatu, ke kika ɗauki mafi nauyi.

Tari in ya wuce sati biyu, ku je a gwada. In an ba ku magani ku sha har ƙarshe. In tsohuwarku ta ce ku zo, kada ku ce sai Kirsimeti.

Kuɗi ban tsira da ko sisi ba. Saƙonnin Mama na shekara huɗu da hannuna na goge su. Waɗanda suka rage a wayar Rifkatu, su ta riƙa juya min, guda shida ne. Ɗaya na roƙon ruwa ne.