Shafin Masu Fashin Aiki

Shekarar da annoba ta kulle mu a Doha, ina gadi a wani babban kanti a unguwar tsohon filin jirgi. Aka ba ni littafi mai baƙin bango, in riƙa rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Ina buɗe shi ƙamshin takarda ya bugi hancina, sai ga ni a zauren Kakana.

Kakana shi ne akawun wani ɗan kamfanin haƙar azurfa da ya yi zamani a bayan garinmu. Mu ramukan kawai muka tarar, cike da ruwa da kwaɗi. Da Turawan suka tattara nasu ya nasu, littattafan suka bari, shi kuwa ya zuba su a akwatin ƙarfe, duk rani yana shanya su saboda gara. Ciki akwai nauyin dutsen da aka haƙo, da kuɗin kananzir, da lambar kowane lebura da dangwalen yatsansa. Kakata ta sha roƙon a ba ta ko guda ta ƙulla daddawa. Ya ce sai dai bayan ransa.

Baturen kamfanin ya ce wanda ya yi fashin aiki a sa masa alama kawai, amma Kakana bai iya taƙaita magana ba, ko a baki ko a takarda. Sai ya rubuta dalili: kunama ta harbe shi, ya tafi neman jakinsa, ana suna a gidansa.

To, maƙerin unguwarmu da mahauci aminai ne tun suna yawo ba wando, kuma iyayensu maza duk sun yi leburanci a ramin. Da furfura ta fito musu, sai gardama ta tashi a kan wane ne babba, don a garinmu ƙarami ke zuwa gaida babba ranar Sallah. Abu kamar wasa, Sallah biyu babu wanda ya taka ƙofar wani. Har maƙeri ya daina wasa wa mahauci wuƙa, unguwa ta koma cin nama mai kama da an yage shi da haƙori.

Ranar wata Juma'a da damina, Kakana ya aika aka kira su. Ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafi ba gaggawa, ruwa na dukan kwano. Can ya tsaya.

"Ga uban wannan, suna a gidansa. Ga uban wancan, suna a gidansa. Rana ɗaya."

Maƙeri ya leƙa, ga shi ko bihim bai iya karantawa ba. "Baba, wa aka fara rubutawa?"

"Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Ku tashi ku ba ni wuri, tagwayen banza."

Mahauci ne ya fara fashewa da dariya, har da hawaye. Tun daga nan, duk Sallah a zaurenmu suke haɗuwa, su gaida Kakana tare, su fita suna musun wanda ya fara sallama. Ban taɓa jin Kakata ta sake zancen daddawa ba.

A cikin kullen nan aka haifa mini 'ya a gida. Babu jirgi, don haka na ɗauki hutun yini guda, na halarci suna ta waya, ina murna ina share ido. Washegari na buɗe littafin na cike gurbina. Shugabanmu ya duba ya ce alama kawai ake sawa, khalas, wato shi ke nan. Na ce to.

Ban goge ba. Yana nan a ƙarƙashin sunana, da hannuna: ana suna a gidansa.