Damshin gonar baba

Shekarar da na gama jami'a na dawo Zinder ba aiki, sai na buɗe grup a salula don samarin ƙauyenmu na wajen Hamdara. Niyyata mu riƙa maganar sauyin yanayi: a bar tsiron gawo in ana sassabe, a rage saran itace. Ban tabbata wani ya taɓa karanta dogon rubutuna har ƙarshe ba. Vokal, wato saƙon murya, suka fi so, shi ma rabinsa gaisuwa ce.

Wani abu daban ne ya riƙe grup ɗin. A wajenmu in an yi ruwa, manomi yakan tona ƙasa da hannu ya ga inda damshi ya kai kafin ya yi shuka. Samarin suka fara ɗaukar wannan a bidiyo. Gari na wayewa sai hannaye su cika waya, wani ya nutse zuwa wuyan hannu, wani har gwiwar hannu, ana ta ba'a: "Kai, wannan ai a bakin rijiya ka tona!" Waɗanda suka tafi ci-rani su suka fi kallo.

Ƙanena yana cikinsu, yana aikin gini a Agadas. Ya ce in damina ta kama zai dawo mu noma gonar da baba ya bar mana. Bayan ruwan farko na hau mota na je, na tona, na aika masa. Damshin ya wuce tafin hannu da kaɗan.

"Yaya, in taho?" in ji shi.

Na ce masa ruwan farko ya daina riƙe alkawari, bara ma an yi shuka ta ƙone, ƙila gara ya jira na biyu.

Ya yi dariya. "Yaya, kai ko ruwa na dukanka sai ka ce ƙila. To, na jira."

Na biyun ya yi jinkiri sosai. Kafin ya sauka, mai gidan aikinsu ya wuce da su Libiya. Ina jin abin da na faɗa masa daidai ne, ko da yake ba kullum nake iya tsayawa a kan haka ba.

Yanzu rabin gonar nake iya nomawa, in na sami zuwa. Yakan aiko vokal jefi-jefi, da hayaniyar wani gari a bayan muryarsa. Yakan tambayi lafiyar inna, ya tambaya ko na sami aiki. Ruwa ne dai bai sake tambaya ba.