Gwaggo Delu da Fim ɗin Faransawa

Duk wanda ya san Gwaggo Delu ya san ba ta amsa sallama sai ta rambaɗa kwalli. Ko gobara ka zo faɗa mata, sai ka tsaya a zaure ka ji tana cewa, "Ina zuwa! 'Yar wasa ba ta fita da fuskar barci."

Ƙanwar babanmu ce. Da ƙuruciyarta ta yi wasan kwaikwayo a dandamali a Kaduna, inda wasu Faransawa suka gan ta suka sa ta a fim ɗin da suka ɗauka a dajin Kamuku, zamanin da ake shiga dajin a fito lafiya. Tare suka fito da wata jarumar Faransa, wadda take kira "ƙawata Madam". Matsalar ɗaya ce: kaf Birnin Gwari babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin nan, har ita kanta. Mukan tsokane ta, "Gwaggo, anya ba mafarki kika yi ba?" Sai ta yi dariya, amma na san abin yana ci mata rai.

"Ni na koya wa Madam kuka," in ji ta. "Baiwar Allah sai goga albasa take yi a ido. Na ce, ke, ba ki da mamaci ne a danginku?"

Kun tuna zaman makokin mijin Lami maƙwabciyarmu? Lami na ta birgima, Gwaggo ta raɗa min a kunne, "Wannan kukan iyakarsa maƙogwaro. Da a dandamali ne, da ta sha jifa da ɓawon rake." Wallahi sai da na cusa mayafi a baki!

Ga kuma kwalbar turaren da Madam ta ba ta. Turare ya ƙare tun ba a haife ni ba, amma kullum sai ta zuba ruwa, ta girgiza, ta shafa. Na ce, "Gwaggo, ai ruwan rijiya ne." Ta harare ni ta ce, "Hancinki ne na ƙauye."

Sai bayan yanar ido ta rufe mata gani sannan malamin Faransanci na makarantar da nake koyarwa ya samo min fim ɗin a intanet. Ban tsaya an tashi ba na taho gida. Kafin la'asar tsakar gida ta cika, kowa ya duƙufa a kan waya ɗaya.

"Ga ki nan, Gwaggo!" na faɗa da ihu. "Siririya, ɗauke da tulu!"

Ba ta gani, sai ta karkato kunne. Can ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, kada ki bi hanyar nan, babu ruwa a gaba." Tana rufe baki, muryar wata yarinya ta maimaita maganar daga cikin wayar, kalma da kalma.

Ni dai kunya ta kama ni, ga hawaye.

"Yanzu kun yarda?" in ji ta.

"Mun yarda, Gwaggo."

"To, madalla. Amma na yi sauri a wurin nan. Da za a sake ɗauka, da kun ga aiki."

Ba ta kai damina ba. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo Delu, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mana shekarun da muka yi muna yi miki dariya.