Dutsen da Ke Ƙarƙashin Murhun Fathiyya

Shekara arba'in da ɗaya Nubi Abu Sabir ya yi yana tonon kayan tarihi a garin Luksor na ƙasar Masar. Ya fara da ɗaukar kwandon ƙasa, ya ƙare yana shugaban ma'aikata. Bai taɓa shiga aji ba, amma idan ya buga ƙotar fartanya a ƙasa ya kasa kunne, yakan faɗi abin da ke ciki, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Wannan shaida ita ce dukiyarsa, sai kuma gidan laka da kakansa ya gina kusa da kogi.

Da hukuma ta ƙudura tone tsohuwar hanyar da ta haɗa manyan ɗakunan bauta biyu na garin, wadda gumakan dutse ke jere a gefenta, Nubi aka ba aikin. Tazarar gumakan ɗaya ce. Ya auna da ƙafarsa, ya ga layin ya nufi tsakar gidansa, daidai shimfiɗaɗɗen dutsen da matarsa Fathiyya ta gina murhun burodinta a kai. Taswirar hukuma kuwa ta kauce wa unguwar da kamu goma.

"Ka ja bakinka ka yi shiru, Abu Sabir," in ji Fathiyya. "Fir'auna ya ci zamaninsa. Shi zai ba mu wurin kwana?"

"Ni na ce zan yi magana?"

"Na san ka. Ko kare ne ya tambaye ka sai ka yi masa lacca."

Wata biyu yana daurewa. Ranar nan sifeton aikin, Ustaz Midhat, ya sa a tona inda taswira ta nuna, ba a sami kome ba. Ya dubi Nubi a gaban ma'aikata ya yi dariya.

"Baffa Nubi, ina kunnen da ake ba mu labari? Ko tsufa ya toshe shi?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Nubi ya ji kamar an tuɓe masa rawani a kasuwa.

"Kunnena ƙalau yake, ranka ya daɗe. Takardarka ce kurma. Hanyar tana can."

Ya ɗaga hannu ya nuna wajen gidansa. Kafin ya sauke shi ya gane abin da ya aikata.

Gida goma sha ɗaya aka rushe. Da aka zo kan murhun Fathiyya, Nubi ya hana motar rusau taɓa shi, ya tone da hannunsa a hankali, kamar yadda ya saba. Gindin gunki ne, ba shakka, daidai inda ya faɗa. Sai dai ƙafafu biyu kawai suka rage a kansa. Sauran an daɗe da fasa shi.

Aka mai da su sabuwar unguwa a bakin hamada, inda ba a ganin kogi. Maƙwabtansa na dā sukan amsa sallamarsa saboda Allah, ba sa ƙara kome. Fathiyya ba ta sake gina murhu ba, ba ta kuma taɓa ce masa "na gaya maka" ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Ya rayu shekara shida bayan haka. A wajen jana'izarsa wani tsohon ma'aikacinsa ya ce marigayin bai taɓa kuskuren ƙasa ba. Maƙwabta suka yi shiru, domin gaskiya ce.