Tayar da Ta Kusa Mai da Ni Ɓarawo

Shekarun baya, zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa har kowane ma'aikaci ke mafarkin mota, ni direba ne a gidan wani malami a Ƙofar Atiku, cikin Sakkwato. Maigidana da safe yana aikin gwamnati, da yamma ya zauna zaure ya ba da karatu. Ba shi da faɗa, ba shi da yawan magana, kuma shirun nan nasa shi ya fi ba ni tsoro. Da ya sayi sabuwar mota fara sol, ni ya miƙa wa makulli.

To, ga ni da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabuwar mota, ga budurwa a Unguwar Rogo. Wata rana na sauke Malam a ofis, na ce bari in ɗan biya ta ƙofar gidansu, don dai ta gan ni a bayan sitiyari. Ta kuwa gan ni. Ni ma na shagala da kallonta ta madubi, ina juya mota a lungun da ko amalanke sai ta yi dabara, sai tayar baya ta dama ta daki bakin kwalbati. Har cikin haƙorana na ji ƙarar. Na fita na duba, fenti bai ƙwarzane ba, taya ba ta fashe ba. Na yi hamdala, na ja bakina na yi shiru.

Bayan 'yan makonni ina wanke mota, na shafa tayar nan, na ji gefenta na ciki ya cinye sumul, alhali sauran ukun zanensu raɗau. Nan take na tuna kwalbatin nan. Mai hankali a nan zai je ya faɗi gaskiya. Ni kuwa gwanin dabara, sai na cire ta na ɓoye a but, na ɗaura safaya a gurbinta. Safaya ta cinye, na mai da ita gaba, na kawo ta gaba baya. Haka na yi ta zagayawa da su ina yaba wa kaina wayo. Kafin wata biyar, duka tayoyi biyar sun zama kamar an tsinto su a bola. Garin neman gira na rasa ido.

Ƙanen Malam ne ya gani. Shi ma ma'aikaci ne, yana da tasa motar, kuma ya san tsawon ran sabuwar taya. Wata Laraba da la'asar ya zagaya motar sau biyu, ya shiga zaure, ya faɗa a gabana ba kara.

"Yaya, motar da ba ta shekara ba, tayoyi sun ƙare? Direbobin yanzu haka suke. Su sayar da sababbi, su ɗaura maka tsofaffi."

Malam ya ɗago ya dube ni, yana jiran in ce wani abu. Na buɗe baki, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na ce ban sata ba, za a ce to me ya ci su, ni kuwa na san inda maganar za ta biya. Na sunkuyar da kai.

"Ka ƙarasa makon ga," in ji Malam a hankali. "Ran Asabar ka ba ƙanena makulli."

Ba aikin ne ya fi damuna ba, direba ba ya rasa aiki a lokacin. Sunan ne. A Sakkwato a ce an sallame ka daga gidan malami saboda sata, ai kafin ka isa gida labari ya riga ka. Magabatana kuwa sun riga sun kai gaisuwa Unguwar Rogo. Wane uba zai ba ɓarawon taya 'yarsa?

Washegari da na sauke Malam a ofis, na wuce Sabon Gari wurin wani abokina makanike. Mutumin wajen Filato ne, Kirista, ya girme ni sosai, amma muna wasa. Bai ko taɓa sufana ko wani kayan aiki ba. Ya share rairayin ƙofar garejinsa da tsintsiya, ya ce in tuƙa a miƙe in wuce ta kai. Muka dawo muka tsuguna. Tayoyi uku sun bar sawu mai kyau, ta huɗun kuwa ta turo ƙasa gefe guda, kamar mai jan ƙafa. Sai ya ɗauko zare ya ja shi daga tayar gaba zuwa ta baya. A hagu zare ya kwanta lafiya. A dama yatsansa biyu suka shige tsakanin zare da taya.

"Direba, wannan taya ba gaba take kallo ba, maƙwabta take leƙe," in ji shi. "Me ka daka?"

Na ce rami ne.

"Ramin yana da siminti ke nan."

Ya ɗaga mota da jak ya nuna mini. Ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe, har mazauninsa a jikin mota ya ɗan goce. Ya ce ko an kawo sabo irin na asali, tsawonsa ɗaya ne, ba zai mai da tayar saiti ba tunda mazaunin ya matsa. Sai ya sauko da wani ƙarfe daga bango, duk ya yi ƙura. Yana da dogon noti a tsakiya, in ka murɗa nan ya ƙara tsawo, in ka murɗa can ya ragu. Ya ce wurin wani mai kayan gyara ya saye shi, amma ba mai nema, don a zamanin nan mai kuɗi in motarsa ta yi tari canja ta yake yi.

Na ce ya ɗaura yanzu yanzu. Ya ce a'a.

"In na gyara a nan, mota ta warke, kai kana nan ɓarawo. A gaban mai ita za a yi."

Na ga gaskiyarsa. Sai na matsa kusa na rage murya, na ce to in Malam ya tambaya, ya ce haka motar ta zo. Ya dube ni ya yi dariya.

"Zan je in rantse ba ka saci taya ba, don na ga abin da ya ci su. Amma in ya tambaye ni me ya lanƙwasa ƙarfe, ba zan ce aljani ba ne."

Na ji haushinsa ƙwarai, na kira shi mai taurin kai. Ya ce ya ji, yana zuba sufanu a jaka.

Da la'asar muka iso Ƙofar Atiku. Alhamis ce, ba karatu, daga Malam sai ƙanensa a zaure. Abokina ya cire takalmi ya gaishe su, ya nemi izinin share ƙofar gida. Ya nuna musu sawun, ya ja zaren, ya bi tayoyin biyar ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa duk gefe guda suka cinye, kuma lambarsu ɗaya da ta ranar da aka sayi motar. Ƙanen Malam da kansa ya tsuguna ya sa yatsa a ƙarƙashin zaren, ya tashi ya koma gefe.

Malam ya ce, "To mi ya lanƙwasa ƙarfen?"

Abokina ya juya yana kallon sama. Ni kuwa na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ni ne. Kwalbati na daka a Unguwar Rogo, ba da izninka na je ba. Na ɓoye, na yi ta juya tayoyin don kar a gane."

"Unguwar Rogo," in ji Malam. "Wurin yarinyar?"

Na ce e. Na ga gemunsa ya ɗan motsa, ban sani ba ko dariya ya danne. Ya ce a gyara. Abokina ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaura ƙarfen, yana murɗa notin kaɗan kaɗan, ni ina riƙe da zare, har ya kwanta a jikin tayar baya kamar yadda ya kwanta a hagu. Aka sake share ƙasa na tuƙa, sawu ya fita tsaf.

Ina tsaye da makulli a hannu ban san wa zan miƙa wa ba, Malam ya kira ni kusa da shi.

"Ɓarnar da ka yi, na yafe," ya ce. "Amma ni ma ka yafe mani. Na kwana ina zaton ɓarawo ne kai, kuma ban bincika ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni na yi laifin, ni na ɓoye, ga dattijo mai furfura yana neman gafarata a gaban ƙanensa da baƙo. Hawaye kawai nake yi, har sai da ya sake tambaya na ce na yafe.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina tuƙa shi, kuma shi ya karɓa mini auren yarinyar. Abokina makanike har ya tsufa bai daina kirana mai kwalbati ba. Na yi ɓarna da yawa bayan nan, ni ba mala'ika ba ne, amma ban ƙara kwana da ko ɗaya a ciki ba. Duk sanda na ji bakina yana son yin shiru a kan laifina, sai in tuna akwai wani mutumin kirki da shirun zai sa ya ɗauki alhakina bai sani ba, sai in tashi in je in faɗa.